Yadda ake bi da ciwon wuyan hannu mai tafiya yana dawowa ga yaro mai tasowa

Yarinya 'yar shekara 13 tana tsaye bakin turmi. Ta ɗaga taɓarya kamar sau ashirin, sai ta jingine ta a kafaɗa, ta kama wuyan hannunta na dama tana yarfewa. Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Hannun ne kuma?" Ta ce, "Shi ne, Inna." A shafa man zafi, a ɗaure da tsumma, kwana uku ya lafa, ta koma daka, bayan mako biyu ciwo ya dawo wurinsa. Haka ake fama a gidaje da yawa a Maraɗi da ƙauyukanta, kuma maganar da aka fi rufe zancen da ita ita ce, "Ciwon girma ne, zai bari."

Abin da likitoci ke kira ciwon girma a ƙafafu yake: sha-raɓa, cinya, bayan gwiwa. Yakan kama ƙafafun biyu da yamma ko cikin dare, da safe yaro ya tashi garau, kuma an fi ganinsa tsakanin shekara 3 zuwa 12. Ba ya zama a gaɓa guda. Ciwon da ya zaɓi wuyan hannu ɗaya, yana komawa wuri ɗaya, yana da sanadi, kuma yawanci ana iya gano sanadin a gida da ɗan yatsa da kaye, wato littafin rubutu, da haƙurin mako biyu.

Abin da ke cikin wuyan hannun yaro

Daga gwiwar hannu ƙasusuwa biyu ne suka gangaro, ɗaya ta ɓangaren babban yatsa, shi ne mai kauri a ƙasa, ɗaya ta ɓangaren ƙaramin yatsa, shi ne mai ɗan ƙululun da ake gani a bayan hannu. Suna haɗuwa da ƙananan ƙasusuwa 8 da ke jere layi biyu, jijiyoyi sun ɗaure su, wasu jijiyoyin kuma sun ratsa ta kansu zuwa yatsu.

Bambancin yaro da babba yana wuri guda. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi, daga nan ne ƙashi ke ƙara tsawo. A ƙashin ɓangaren babban yatsa, faifan da ke wuyan hannu shi ke ba da kusan kashi uku cikin huɗu na tsawon ƙashin gaba ɗaya. Yana buɗe har wajen shekara 16 ga mata, 17 zuwa 18 ga maza, sannan ya daskare ya zama ƙashi. Muddin yana buɗe, ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni. Shi ya sa faɗuwar da za ta yi wa babba targaɗe, a hannun yaro sau da yawa tsagewar wannan faifai ce. Kuma lokacin da yaro ya miƙe da sauri, wajen shekara 11 zuwa 12 ga mata, 13 zuwa 14 ga maza, ƙashi kan riga ƙwarinsa tsawo. A daidai wannan lokacin ne karayar wuyan hannu ta fi yawa, a daidai lokacin ne kuma muke ganin yaro ya yi tsawo mu ɗora masa aikin manya.

Faifan yana iya lalacewa ba tare da an faɗi ba. Nauyi da bugu da ake maimaitawa kullum, musamman in hannu yana lanƙwashe baya, kamar tura kura, dafa ƙasa a kokowa, ko dukan taɓarya a turmi, suna sa shi ya yi ta tsami. In aka ci gaba wata da watanni, yana iya rufewa kafin lokacinsa. Sai ƙashin ɓangaren babban yatsa ya tsaya, na ɓangaren ƙaramin yatsa ya ci gaba da tsawo, hannu ya karkace, juya tafi ya yi wuya har girma. Wannan shi ne abin da ake gudu.

Mataki na farko: a tabbatar ba ciwon gaggawa ba ne

Kafin a yi maganar hutu ko ƙanƙara, a duba waɗannan. In akwai ko ɗaya, ranar za a tafi asibiti.

Gaɓa ta kumbura, ta yi zafi a taɓa, yaro yana zazzaɓi, ba ya yarda a motsa hannun ko kaɗan. Wannan yana iya zama ƙwayar cuta a cikin gaɓa ko a ɓargon ƙashi, kuma mugunya tana cin guringuntsi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ko da gwajin zazzaɓin cizon sauro ya nuna akwai, a nuna wa ma'aikacin lafiya hannun, don cutar biyu na iya haɗuwa.

Hannu ya canja siffa bayan faɗuwa, ko yatsu sun yi sanyi, sun dushe, sun mutu ba ya jin taɓawa.

Ciwo yana yawo, yau wuyan hannu, jibi gwiwa, gata idon sawu, kuma mako 2 zuwa 3 da suka wuce yaron ya yi ciwon maƙogwaro. Wannan zazzaɓin gaɓɓai ne mai taɓa zuciya, ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15. Gaɓɓan za su warke da kansu, amma ƙofofin zuciya in suka lalace ba sa komawa yadda suke. Dole a saurari zuciyar, kuma in an tabbatar, akwai allurar fenisilin da ake yi duk mako 3 ko 4 na tsawon shekaru. Kada a yanke ta don an ga yaro ya samu sauƙi.

Ciwo mai tsanani cikin ƙashi da ke tasowa lokacin ɗari, ko bayan yaro ya sha rana bai sha ruwa ba, tare da ido rawaya ko yawan ƙarancin jini. A nemi gwajin sikila, wato amosanin jini, in ba a taɓa yi ba. Cutar tana da yawa a ƙasarmu, kuma masu ita sun fi kowa kamuwa da ciwon ɓargon ƙashi.

Ciwon da ke tada yaro daga barci dare bayan dare ba tare da ya yi wani aiki ba, ko ƙulli mai tauri a jikin ƙashi da ke ƙara girma, ko rama da gumin dare. Ba su da yawa, amma ba a jira da su.

Mataki na biyu: a nemo wurin da yatsa ɗaya

A zaunar da yaro a inda haske yake, ya ɗora hannuwansa biyu a kan cinya ko tabarma, bayan hannu a sama. A fara da kallo. Hannu mai lafiya shi ne ma'auni: akwai kumburi a ɗaya? Kwarmin da ke tsakanin jijiyoyi ya cike? Sannan a ce masa, "Nuna mini da yatsa ɗaya inda ya fi ciwo." In ya shafa duk hannun da tafi, a sake cewa yatsa ɗaya. Daga nan sai babba ya danna da nasa babban yatsan a hankali, yana fara wa da hannu mai lafiya don yaro ya san yadda dannawa kawai take, yana kallon fuskarsa. Yara, musamman maza masu wasan kokowa, sukan ce ba zafi alhali sun ciji leɓe.

Wuri na farko: a auna faɗin yatsa ɗaya zuwa biyu sama da layin da wuyan hannu ke lanƙwashewa, a kan ƙashin ɓangaren babban yatsa. Nan faifan girma yake. In nan ne ya zabura, kuma ciwon yana ƙaruwa in ya dafa ƙasa da tafi, misali wajen tasowa daga sujada ko tura amalanke, to faifan ne ake zargi. Wannan yana buƙatar hoton ƙashi da cikakken hutu.

Wuri na biyu: ya miƙe babban yatsa sama kamar mai yaba abu. A gindin yatsan, tsakanin jijiyoyi biyu da suka fito, akwai ɗan kwarmi. A danna can ciki. Ƙarƙashinsa akwai ƙaramin ƙashi mai siffar kwale-kwale, shi ne ya fi karyewa cikin takwas ɗin nan idan aka faɗi aka tare da tafi, daga kabu-kabu, ko keke, ko a raga wajen tare ƙwallo. Sharrinsa shi ne ba ya kumbura sosai, sai a ɗauka targaɗe ne. Jini kuma ta gefen yatsu yake shigarsa ya komo baya, don haka in ya tsage, guntun da ke sama yana iya rasa jini ya mutu. Yaron da ya faɗi wata uku da suka wuce, har yanzu in ya riƙe abu da ƙarfi yana jin ciwo a wannan kwarmi, ana ɗaukarsa mai karaya har sai hoto ya wanke shi.

Wuri na uku: gefen ƙashi daidai saman wannan kwarmi, inda jijiyoyin babban yatsa ke wucewa. Ya naɗe babban yatsa cikin tafi, ya rufe da sauran yatsu, sannan ya karkatar da hannu a hankali zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. Kowa yana jin ɗan ja, shi ya sa ake gwadawa da hannu biyu. In ciwo mai kaifi ya tsarga a ɗaya kawai, kuben jijiyar ne ya kumbura. Matse wanki, ɗaga ƙani ta hammata sau da yawa a yini, da latsa salula da babban yatsa har dare su ke kawo shi.

Wuri na huɗu: ɓangaren ƙaramin yatsa, ƙasa kaɗan da ƙululun ƙashi. In nan ne, kuma yana ciwo ko yana ƙas wajen murɗa makulli, tuƙa tuwo, ko murɗa totur, matashin guringuntsin da ke wannan gefen ne ya wahala.

Akwai kuma ƙulli mai santsi kamar gurjiya a bayan wuyan hannu, yana fitowa sosai in an lanƙwasa hannu ƙasa, yana girma yana raguwa. Ruwa ne mai yauƙi daga gaɓa. Ba ya zama mugun abu, da yawa sukan ɓace da kansu. Kada a buge shi, kada a kai wa wanzami ya tsaga, domin yana haɗe da cikin gaɓa, aska na iya kai cuta can.

A ƙarshe a tambayi safiya. In hannu yana sandarewa da safe fiye da rabin awa, yana sakewa in an fara aiki, ga kumburi da ya wuce mako 6, wannan amosanin gaɓɓai ne na yara. Shi hutu kaɗai ba ya warkar da shi, kuma yakan taɓa ido a ɓoye, don haka ana haɗawa da duba ido. In kuma wuyan hannun biyu ne suka yi faɗi, ƙafafu sun gwame, ƙarancin sinadarin ƙashi ne.

Mataki na uku: kaye da bik, mako biyu

A ware shafi. Kowace yamma a rubuta aikin da hannu ya yi, tsawon lokacinsa, da ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10 yadda yaron ya faɗa da bakinsa. A rubuta har ranakun da babu ciwo, su ne ma suka fi faɗin gaskiya. Cikin mako biyu abin zai fito fili: ranakun ɗiban ruwa ne, ko washegarin atisaye, ko makon da aka yi ta kwafar darasi a lakkwal gab da jarrabawar BEPC ta ƙarshen koleji.

A yi lissafin nauyi da gaske. Bido mai lita 25 kilo 25 ne, wato fiye da rabin nauyin yaro mai kilo 40, kuma da hannu ɗaya yake ɗaga shi. Kura mai bido goma kilo 250 ce, a cikin rairayi. Guga daga rijiya mai zurfi, sussukar gero bayan girbi, kalme a noman farko, jifan bulo ga magini, duk aiki ne da lokacinsa, shi ya sa ciwon wasu yaran ke bin damina ko kaka. Wanda ke koyon kanikanci ko walda, guduma da sufana ne. A rubuta su duka.

Mataki na huɗu: hutu, sanyi, takalmin hannu, magani

Hutu a nan na aikin da kaye ya nuna ne. Sauran harkoki, cin abinci, alwala, sa tufafi, ya ci gaba da su don kada hannu ya ƙage. Ciwon jijiya yakan nemi mako 2 zuwa 4. Faifan girma yakan nemi mako 6 ko fiye, babu dafa ƙasa, babu turawa, babu ɗaukar nauyi. Inda ake kuskure shi ne a kwana na huɗu ko na biyar, lokacin da ciwo ya lafa. Ciwo yana riga warkewa tafiya. A mayar da yarinya turmi a wannan rana, an koma farko ke nan, kuma wannan shi ne ainihin dalilin da ciwon ke tafiya yana dawowa. Dole gida ya shirya wanda zai karɓi aikin, ko a kai gero inji na wannan lokaci. Kuɗin niƙa na wata ɗaya da rabi bai kai kuɗin aikin ƙashi ba. Kuma a faɗa wa yaro a gaban kowa cewa ba lalaci yake yi ba, domin kunyar a kira shi rago ita ke mayar da shi bakin aiki a ɓoye.

Sanyi yana taimakawa a kwana biyun farko na tashin ciwo. A nannaɗe ƙanƙarar leda da tsumma, a ɗora minti 15 zuwa 20, a huta awa 2 zuwa 3. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. Inda babu ƙanƙara, tsumman da aka jiƙa da ruwan randa ya isa. Mai sikila kuwa ba a sa masa sanyi sam, domin sanyi yana tada masa ciwo. Shi ɗumi da shan ruwa yake buƙata. Bayan kwana biyu, in babu kumburi, gashi da ruwa mai ɗumi yana sassauta hannu.

In ana buƙatar takalmin hannu, wato tallafin da ke hana wuyan hannu motsi, kafin a kai asibiti, ko don dare, ana iya haɗa shi a gida. A yanko kwali mai kauri, a ninka biyu ko uku, faɗinsa daidai da hannun, tsawonsa daga faɗin yatsa uku ƙasa da gwiwar hannu zuwa tsakiyar tafi. A shimfiɗa masa auduga ko tsumma mai laushi. A ɗora hannu ta ɓangaren tafi, a sa ɗan dunƙulen tsumma cikin tafin don wuyan hannu ya ɗan ɗaga kaɗan, kamar mai riƙe da kofi. A naɗa bandeji daga tafi zuwa sama, kowane zagaye yana rufe rabin na baya. Yatsu su kasance a waje suna motsi. In ciwon na gindin babban yatsa ne, a haɗa da shi cikin naɗin, a bar kansa a waje. Ƙaramin yatsan mai naɗawa ya iya shiga ƙarƙashin bandejin. Sannan a danna farcen yaro har ya yi fari, a saki: jini ya dawo kafin a ƙirga biyu. A maimaita bayan awa ɗaya da kuma kafin barci. In yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, ko ciwo ya ƙaru, a kwance nan take. A cire zobe da awarwaro tun farko.

Magani da kilo ake auna shi, don haka a hau sikeli. Farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo, duk awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini. Yaro mai kilo 35 ƙwaya ɗaya ce ta 500, mai kilo 50 ƙwaya ɗaya da rabi. Ibuprofen miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo, duk awa 8, bayan an ci abinci, kada ya wuce 400 a sha ɗaya, kuma kada a wuce kwana 3 zuwa 5 ba tare da likita ya gani ba. Ba a ba da shi ga mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko wanda asma ke tasar masa da irin wannan magani, ko yaron da ya bushe da gudawa ko zafin bazara. Asfirin ba na 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne sai likita ya rubuta. A saya a farmasi, a bar na kan tire da ya yini a rana, musamman ƙullin ƙwayoyi marasa suna da ake cewa na ciwon jiki.

Tramol kuwa a yi nesa da shi. Yaro yakan fara shi ne don ya iya gama aiki ko wasa da hannu mai ciwo, sai ya daina jin gargaɗin da jiki ke yi masa, faifan ya ci gaba da lalacewa, ga kamu, ga farfaɗiya da yake jawowa. Kowane maganin ciwo ma, in an sha shi don a koma aikin da ya jawo ciwon, cutarwa yake yi.

Mataki na biyar: asibiti, da maganar ɗori

In an danna ƙashi ya yi zafi, ko an taɓa faɗuwa a kan hannun, ko an yi hutun gaske na mako 2 ciwo bai ragu ba, ko ya dawo karo na uku, a tafi. A fara da CSI, wato ƙaramin asibiti na unguwa ko na gari, daga nan a karɓi takardar turawa zuwa asibitin gunduma, ko CHR, wato babban asibitin jiha, ko Asibitin Referans na Maraɗi inda ake samun likitocin ƙashi. Wanda ke Tibiri ko Madarumfa tafiyar ba ta da nisa. Na Dakwaro ko Mayahi ya tambaya tun a gida ko injin hoto yana aiki kafin ya kama hanya. Kulawar kyauta ta 'yan ƙasa da shekara 5 ce, don haka a tanadi kuɗin gani da na hoto. A tafi da kayen nan, da kwalayen duk maganin da aka sha, da tsohon hoto in akwai.

A gaya wa likita wurin da yatsa ya nuna da ranar da abin ya fara. Hoton yakan zama fuska biyu, gaba da gefe, wani lokaci a ɗauki hannu mai lafiya don a kwatanta faifan biyu. Abu guda da ya kamata iyaye su sani: tsagewar ƙashin kwale-kwalen nan sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko. In likita ya sa filasta ya ce a dawo bayan kwana 10 zuwa 14 a sake hoto, ba neman kuɗi yake yi ba, a lokacin ne layin karayar ke bayyana. In ta tabbata, filasta takan yi mako 6 zuwa 12. A ƙarƙashin filasta kada a cusa tsinke don susa, kada ta jiƙe, kuma a riƙa ɗaga hannu sama da ƙirji a kwanakin farko. Yaran da hannunsu ya riga ya karkace, akwai asibitin yara na CURE a Yamai da ke aikin gyaran ƙashi.

Mutanenmu sun yarda da maɗora, kuma akwai karayar da ke haɗewa a hannunsu, domin ƙashin yaro kamar ɗanyen icce yake, yana saurin kamawa. Amma maɗori ba ya ganin faifan girma. Ja da murza da ake yi don a mayar da targaɗe suna iya ƙara tsaga faifan da ya riga ya tsage. Likitocin ƙashi su kansu ba sa sake jan irin wannan karaya in ta wuce kwana 7 zuwa 10, don kada su kashe faifan, shi ya sa wanda ya fara da ɗori ya zo asibiti bayan mako uku yakan tarar lokacin gyara mai sauƙi ya wuce. Haɗari mafi muni shi ne karare da aka ɗaure tam a kan hannun da ke kan kumbura. Jini ya tsaya, nama ya mutu cikin awoyi, yatsu su ƙanƙance har abada, wani lokaci sai an yanke hannun. Alamarsa ciwo ne mai tsanani da ke ƙaruwa, musamman in an miƙe yatsu. Yaron da aka ɗaure yana kuka cikin dare, a kwance ɗaurin a tafi asibiti a daren, kada a ce masa ya daure. Tsaga da ƙaho da sakiya a kan gaɓa ba sa kaiwa inda ciwon yake, sai dai su buɗe wa cuta ƙofa.

Mataki na shida: mayar da hannu bakin aiki

Ana farawa ne in ciwon zaune ya tafi, kuma in an sa filasta, bayan likita ya ba da izini. Makon farko motsi kawai: a ɗora hannu a kan gwiwa, a lanƙwasa sama da ƙasa sau 10, hagu da dama sau 10, sannan a manne gwiwar hannu a haƙarƙari a juya tafi sama da ƙasa sau 10. Sau uku a yini. A ƙara da miƙewa: hannu a miƙe gaba, ɗaya hannun ya ja yatsu baya a hankali, a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, sau 3, sannan a ja su ƙasa haka.

Mako na biyu a shigo da nauyi kaɗan. Gorar ruwa ta rabin lita rabin kilo ce. A riƙe ta, hannu a kan cinya, wuyan hannu ya ɗan zarce gwiwa, a ɗaga a sauke a hankali sau 10, a huta, har zagaye uku, tafi sama sannan tafi ƙasa. Saukewar ta fi ɗagawar muhimmanci, a yi ta ana ƙirga uku. In mako ya cika ba ciwo, a koma lita ɗaya. Matsa dunƙulen tsumma na daƙiƙa 5 sau 10 yana dawo da ƙarfin riƙo. Abin lura shi ne washegari: in an tashi da ciwo ko kumburi, an yi gaggawa, a koma matakin baya na kwana uku.

Dafawa ita ce ta ƙarshe. A fara da jingina da tafi a bango, sai a kan teburi, sai a ƙasa gwiwoyi a durƙushe, kowane mataki aƙalla kwana huɗu ko biyar. Ɗan kokowa, a garin da har yanzu ake kiran sunan Kantu, shahararren ɗan kokowar Maraɗi, zai matsa a bar shi ya koma fili da wuri. Sharaɗi uku ne, kuma mai horar da shi ya san da su: a danna wurin da ke ciwo a da bai ji komai ba, hannu biyu suna lanƙwashewa daidai, kuma in ya matse yatsun babban mutum da kowane hannu ƙarfin ya yi kusa da juna.

Aikin gida ma da rabi ake komawa. A raba bido ɗaya gida biyu, a ɗauka da hannu biyu kusa da jiki. A ba yarinya taɓarya daidai tsawonta da ƙarfinta, ta riƙa sassauta riƙo lokacin da taɓarya ke sauka, a yi karɓa-karɓa duk minti goma. Mai tura kura ya riƙe ƙarfen da dunƙulen hannu a miƙe, kada tafi ya lanƙwashe baya. Mai rubutu ya naɗa ɗan tsumma ko roba a jikin bik don ya yi kauri, ya ajiye shi duk minti 20 zuwa 30 ya yarfe hannu.

Ƙashi mai tsawo yana neman abin gini. Tsakanin shekara 9 zuwa 18 ana so yaro ya samu kalsiyam wajen miligiram 1,300 a yini, kofin madara ko nono na kwata lita kuma yana ba da kusan 300. Gero da dawa kaɗai ba sa kai shi ko kusa. Nono mai kauri a cikin fura, cuku, miyar kuka, kwaɗon zogale, riɗi, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu su ne abin da ke kusa da hannu. 'Yan matan da ba su cika fita ba su riƙa samun ranar hantsi a hannuwa da ƙafafu cikin tsakar gida, domin da ita jiki ke yin bitamin D da ke shigar da kalsiyam cikin ƙashi.

Yaron da aka tabbatar faifansa ya taɓu, a mayar da shi a sake hoto bayan wata 6 zuwa shekara ko da ba ya jin komai, domin rufewar faifai ba ta ciwo da farko. A gida kuma, duk wata a haɗa hannuwansa biyu gefe da gefe a kan tabarma a duba: in ƙululun ɓangaren ƙaramin yatsa ya fara fitowa fiye da na ɗaya hannun, ko tafi ya fara karkata zuwa babban yatsa, a koma wurin likitan ƙashi ba tare da jiran ranar da aka sa ba.